An Maida Rawani, Ba a Maida Gwafa Ba

Ƙarfe goma na safe ne, bisa agogon tafintan bariki, wanda ya ciro shi ya duba don kowa ya san yana da shi. A ƙofar gidan mai gari muke, a ƙauyenmu da ke kusa da Ollelewa. Akwai tafintan, da gardi biyu, wato dogaran bariki, da liman, da maroƙin gari, da tsohon mai garinmu zaune kan tabarma, kansa ba ko hula. Mu talakawa muna tsaye cikin rana. Ni lokacin na yi aure, ubana ya rasu, shanun gidanmu suna hannuna.

Ran nan aka yi abin da muke kira maida rawani. 'Yan zamani suna cewa juyin mulki idan an kifar da mai mulki da ƙarfi. Mu tuɓe rawani muke cewa. In kuma aka kori wanda ya ƙwace, aka dawo da na farko, shi ne maida rawani, kuma a bakin mutane ma'anarsa kome ya koma inda yake. Ni ma haka na ɗauka. Ga yadda aka yi, bi da bi.

Da farko, ƙanen mai gari ya bi ta hannun tafinta ya kai ƙarar wansa bariki, cewa yana ɓoye samari in an zo ɗibar 'yan aikin tilas. Gaskiya ne, ni kaina na taɓa yini cikin rumbunsa. Aka tuɓe shi, aka naɗa ƙanen.

Na biyu, rijiya. Tamu mai zurfi ce, sai da sa ake jan wasaki, babban gugan fata. Kowane babban gida yana da gwafarsa kafe a bakinta, inda ake rataya igiya, da komin shayarwa a gefe. Mai gwafa yakan shayar da sanyin safiya. Marar gwafa sai ya jira kowa ya gama, ya ari wuri, ya ja laka. Kakana ya kafa tamu. Na ƙi zuwa gaishe da sabon mai gari, sai ya sa aka tuge ta, ya ba wani mai garken raƙuma wurin. Na ɗauko ta na jingine a bayan ɗaki. Shanunmu suka koma shan laka, ƙashin haƙarƙarinsu ya fito, musamman jar saniyar Inna, mahaifiyata.

Na uku, aka canja kumandan, Baturen da ke mulki a bariki, ƙanen kuma ya ɓata da tafinta a kan wani doki. Tafintan da ya kai ƙarar farko shi ya kai ta biyu. Shi ya sa muke tsaye a rana da ƙarfe goma.

Gardi ya warware rawanin daga kan ƙanen, liman ya naɗa wa wan, da gumin wancan a jiki, ba a ko kaɗe shi ba. Maroƙin nan, wanda ya yi ta kiran tsohon da mai kan ƙwarya a ranakun kasuwa, shi ya fara daka tsalle yana ihu, "Ruwa ya koma rijiyarsa!" Waɗanda suka tuge gwafarmu su ne a sahun gaba wajen faɗuwa gaisuwa. Na tofar da yawu, amma na yi murna, don ina jin tawa ta zo.

Washegari na saɓa gwafar a kafaɗa na tafi. A ƙofar gidan mai gari na ga baƙon raƙumi ɗaure, da shaidar mai garken nan a wuyansa.

Mai gari ya ce, "Ɗana, ajiye itacen nan kada ka tsone wa wani ido."

Na ce, "Baba, na zo a maida gwafar gidanmu. Saboda kai aka tuge ta."

Maroƙi ya ce, "Ku ji min sarkin itace! Rawani aka ce an maida, wa ya ce maka gwafa?"

Aka fashe da dariya. Mai gari bai yi ba, bai kuma hana ba. Ya dubi raƙumin, ya ce, "Mutumin nan ya zo gaisuwa jiya da hannu biyu. Yi haƙuri har damina."

"Baba, saniyar Inna ba za ta kai damina ba."

Maroƙi ya ce, "To yanka ta tun da ranta, ka aiko mana da cinya."

Ba ta kai ba. A bakin komin wani ta durƙusa, na yanka ta a nan, ban aika wa kowa ko kofato ba. Da ruwa ya sauka na kora sauran shanun, da Inna da matata, muka koma wajen Belbeji. Gwafar tana nan, ita ke riƙe da rumfar da nake zama.

Kai mai karanta wannan, ina roƙonka abu ɗaya. Duk ranar da ka ji an ce an kori wanda ya ƙwace mulki an dawo da mai shi, kada ka tsaya kallon kan da aka naɗa. Ka tafi bakin rijiya da sassafe, ka duba gwafar wa ke tsaye.