Ranar da Auta Ya Shafa Sanƙonsa na Dutse

Ƙanena, wanda har yau muke ce wa Auta ko da yake haƙoransa sun ƙare, mai aski ne, kuma mai sanƙo. Rigimar farko da ya sha kaye a cikinta da 'yarsa ya yi ta, tana firamare. Ta sace sabulun askinsa, ta sa reza ta sassaƙa shi. Ya shigo shago da sabulun yana kumfar baki: "Ku dubi ɓarnar da yarinyar nan ta yi mini!"

Mutumin da ke kan kujera, rabin gemu a aske, ya leƙa ya ce, "Maigida, ai hancinka ne, har da karkacewar."

Shago ya ɗauki dariya. Nan Auta ya rantse idonsa ba zai ƙara kallon gumakanta ba.

Yarinya ta girma, ta bar sabulu ta koma dutse, ta tafi birni. Shi kuwa ya riƙe rantsuwa kamar gadon ubansa. In ta aiko hoton aikinta, sai ya kife shi bayan madubi. Ana nan yanar ido ta fara rufe masa gani, har almakashinsa ya fara gaisawa da kunnuwan mutane. Na ce, "Auta, an karɓi rantsuwarka, saura kaɗan a cika maka ita." Bai yi dariya ba. Da aka sa aikinta a babban gidan nuna zane da sassaƙa, shi ya riga ni shiga mota, wai rakiya ya yi mini.

Mun isa da hantsi, gogan ya ƙi shiga. Wai sai ya ga lambunan shaƙatawa tukuna. A na farko ya laluba shuke-shuken bakin hanya, ya ce wanda ya yi musu aski bai iya ba. A na biyu ya zauna kan benci yana jefa wa agwagi burodina. Da ya ambaci na uku na ce, "Gwiwata ba taya ba ce. Tsoro kake ji, tsoho." Ya miƙe.

Ciki sanyi, ƙasa sulɓi, ga mutanen dutse a jere, wasu ba hannu, wasu ba wando. 'Yar ta tare mu, ta ja shi har gaban wani kai da aka ɗora kan ginshiƙi. Ya kai fuska kusa, ya ja baya, ya goge ido. Hazo kawai. Sai ya ɗora tafinsa: sanƙo sumul, tabon da na yi masa da ludayi muna yara, sannan hancin nan karkatacce. Yatsunsa suka tsaya a nan.

"Baba, ba a taɓawa!" in ji mai gadi, ya taho da sauri.

'Yar ta ce ita ta sassaƙa. Ya ce ko ita, doka doka ce. Na tsoma baki, ya ce, "Iya, ke ma matsa baya."

Auta bai ɗaga hannu ba.

"Yaro," ya ce, "wannan kan nawa ne. Tun ba a haifi ubanka ba nake shafa shi. 'Yata ce ta ba ku aro, kuma ko tabo ba ta manta ba. Bari in gama duba aikinta."