Zoben Hannu, Kwallin Ido

Tun Rahila tana goye nake fargabar ranar da za ta ce, "Mama, yi mini tatsuniya." Guda ɗaya na riƙe, ita ma ba ƙarshe.

A Samaru na tashi, a hannun Kaka Saratu, uwar babana. Da an ci tuwo sai ta tura masara cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye murhu. "Ga ta nan tafe," in ji ta. Mu ce, "Ta iso, Kaka."

Wai ƙaya ce ta shige wa sarki a tafin ƙafa. Ido ya gano ta, Hannu ya cire. Da sarki ya warke sai ya ba Hannu zoben zinariya, Ido kuwa kwalli. Yayana ya ce, "Kaka, ai an cuci Ido!" Ta juya masara ta ce, "Kai ja'iri, a ina ido zai sa zobe?" Muka kwashe da dariya. Daga nan kullum barci ke ɗauke ni a cinyarta. Ban taɓa tambayar ƙarshen ba, gani nake Kaka tana nan. Sai ga shi ta rasu.

A da mijina Bulus awon jini yake yi a wani asibiti ta wajen Shika. Yakan dawo ido jawur, yana ba ni labarin ƙwayar zazzaɓin da ya kama, kamar maharbi. Abokinsa na makaranta babban likitan ƙoda ne. Ranar da ya zo mana, hira ta kai kan albashi, da wasa. Na ga Bulus ya ajiye cokali. Likitan ya ce, "Ai mu ma kuka muke, wallahi." Ban yi boko mai nisa ba, amma a fuskar mijina na karanta tazarar.

Bara Bulus ya bar aikin. Cajar waya yake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, yanzu biyan kuɗin makarantar Rahila ya fi sauƙi. Na ce, "Baban Rahila, ba ka kewa?" Ya ce, "Kewa ake ci?" Amma farar rigarsa ta asibiti shi yake goge ta har yanzu.

Jiya Rahila ta nemi tatsuniya. Na kai ta har kan kwalli. Ta ce, "Sai Ido ya yi yaya?" Bulus yana bakin ƙofa yana kwance takalmi, sai ya tsaya. Na ce, "Gobe, 'yata."

Goben ta zo. Don Allah, in kakarku ta taɓa yi muku wannan tatsuniyar, ku faɗa mini abin da Ido ya yi. Mutum biyu ke jira a gidana.