Dattijo da Kasetinsa a Ɗakin Gwajin Kunne

Ina jiran layi a ɗakin gwajin kunne, wani dattijo na zaune a gaban ma'aikaciyar jinya. Dogo ne, siriri, furfura ta rufe masa kai, hannayensa sun yi kanta irin na wanda ya tsufa cikin injuna. A cinyarsa akwai ƙaramar rediyo da wani tsohon kaset da hoton bangonsa ya koɗe.

Tana saƙala masa na'urar ƙara ji, tana ɗaga murya: "Baba, kana ji na?"

"Ina jin ki, 'yata. Amma bari in gwada da wannan."

Ya saka kasetin a rediyon, ya danna. Kiɗan rok ne mai nauyi na zamanin samartakarsa: jita na kururuwa, ganguna na dukan ƙirji, mawaƙin kamar maƙogwaronsa zai tsage. Kowa ya ɗago kai. Shi kuwa idonsa a rufe, yatsunsa na bin kiɗan a gwiwa, babu kuskure. Ina rayawa a raina, da abokai ya fara jin kasetin nan, kuma wataƙila shi kaɗai ya rage.

"Baba, irin wannan ƙarar ce fa ta cinye maka kunne," in ji ta. "Ɗan abin da ya saura ma tafiya zai yi."

"Likita ya faɗa min." Bai buɗe ido ba. "Shi ya sa nake so in ƙara haddace shi tun ina iya ji."

Ta kai hannu za ta rage sautin, sai ta fasa.