Geron da Ke Warin Hayaƙi

Da tiya guda da buhun aro na shiga kasuwar hatsi ta Batsari, ba wanda ya ba ni jari. Shi ya sa duk lokacin da na ji masana a rediyo suna cewa a bar kasuwa ta yanka wa kanta farashi, sai in ji kamar daga bakina suke ɗauko maganar. Mai sayarwa ya sallama, mai saye ya biya, ba a tilasta wa kowa ba. A kan wannan na gina shago da sito biyu, kuma ban taɓa tauye mudu ba.

A shekarun da ɓarayin daji suka hana noma, garin ya cika da mutanen ƙauyukan Ruma. Kowa ya zo da abin da ya iya tsira da shi, kuma kowa yana son sayarwa a rana ɗaya: akuya, keke, kwanon rufi, ɗan hatsin da ya rage. Mu masu saye ba mu da yawa. Ba sai mun haɗa baki ba, kaya da kansu suke faɗuwa a gabanmu.

Wata ranar kasuwa wani dattijo ya tsaya a bakin rumfata da gero rabin buhun taki a kafaɗa. Na san shi sama-sama, daga tsoffin gidajen noman nan ne na bayan Ruma, waɗanda kakanninsu suka sare dajin wurin. Muka gaisa, na tambayi iyali da yadda aka kwana da hali, ya ce da godiya. Sannan ya kwance bakin buhun.

Ina tura hannu na gane. Ƙwayar duk kai ɗaya, manya, ba tsakuwa ba ƙaiƙayi, ga warin hayaƙi. Mutanenmu tun a gona suke ware zangarniyar da ta fi kyau, su rataye ta a rufin ɗakin girki don hayaƙi ya kore mata ƙwari har damina ta zagayo.

Na ce, "Baba, wannan ai iri ne."

Ya ce, "Iri ne, ɗana. Jikata ce kwance a asibiti."

Maƙwabcina na rumfa, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya leƙo ya ce, "Alhaji, saye za ka yi ko wa'azi? In ba ka so, turo mini shi. Tukunya ba ta tambayar asalin gero."

Aka yi dariya, har da dattijon. Na auna, na biya shi farashin ranar cif, ban rage masa komai ba. Da zai tafi ya juyo ya ce, "In da hali, ka ɗan ware shi gefe. Gajere ne, yana nuna da wuri. Tun kakana muke shuka shi."

Na ce to. Kuma da gaske na ajiye shi gefe, ya yi makonni a bayan ƙofa. Sai farashi ya tashi, motar kudu ta zo lodi, buhu ɗaya bai cika ba. Na duba hagu da dama, na ɗauko na juye a ciki, aka ɗinke. A raina na ce kayana ne, na saya, na biya.

Da bazara aka sami ɗan sauƙi a yankinsu, mutane suka fara komawa gyaran gona. Gajeren gero ya zama abin nema, don ba mai son amfanin da zai daɗe a daji ko ya yi tsawon da mutum zai ɓuya a ciki da bindiga. Hadari ya fara haɗuwa ke nan sai ga dattijon a kan babur ɗin haya. Jikar ta warke. Ya ce ya zo ya fanshi irinsa, ko nawa na sa masa.

Na iya ciniki da kowane irin mutum, amma ranar bakina ya yi nauyi. Na ce, "Baba, ya tafi kudu."

Ya kalli buhunan da ke jibge a bayana har rufi. Na ce ya zaɓi wanda yake so a ciki, kyauta. Ya tura hannu a ɗaya, ya murza, ya mayar.

"Wannan na ci ne, ɗana. An gauraya na gari goma. In na shuka, wani ya nuna, wani yana goyo." Ya karkaɗe hannunsa. "Ba komai. Ai ka biya."

Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Sito biyu gare ni cike da gero, ga kuɗi a aljihu, amma duk kasuwar Batsari ba inda zan sayo masa tiya guda ta abin da na zubar. Na aika Safana, na aika Runka, ba a samu ba. Nan na fara shakkar maganar masanan rediyo. Kasuwa ta san farashin gero a ranar, ba ta san wanda za a nema in ruwa ya sauka ba. Kuma sallamawar da nake taƙama da ita, wace irin sallama ce daga mutumin da jikarsa ke kan gadon asibiti? Ni ina iya jira wata shida. Shi ba ya iya jiran la'asar.

Da kaka ya dawo, da ƙullin tsumma a hannu. Na ɗauka wani abin zai sayar. Ya ajiye a kan buhu ya zauna, ya ba ni labari. Ashe shekarun baya matarsa ta ɗebar wa wata ƙawarta da ke aure a Zakka irin nan cikin ƙwarya, kamar yadda aka saba, don a wurinsu iri ba a sayar wa maƙwabci, ba shi ake yi, in ya girbe ya mayar ko ya ba wani. Da labari ya kai Zakka, gida uku suka haɗa masa abin da ya ishi rabin gonarsa. Ba wanda ya karɓi ko sisi.

Ya tura mini ƙullin. "Ga naka. Duk wanda iri ya bi ta hannunsa ana ba shi. Ajiya ce, ba ta mota ba."

Maƙwabcina ya ce, "Baba, kura ka ba ajiyar nama!" Dattijon ya ce, "Ai shi ya sa na faɗa a gabanka, ka zama shaida."

Suka yi ta dariya. Ni kuwa na kasa ɗaga kai. Ni da ko fatanya ban riƙe ba tun ina saurayi, na karɓa da hannu biyu.

Ba ni da ɗakin girki mai rufin kara, gidana na siminti ne. Sai da na kai wa yayata a ƙauye ta rataye mini a nata. Da damina ta zagayo, mutum biyu daga Ruma suka zo rumfata, suka ce dattijon ne ya turo su. Na je na kwanto, na raba musu a ƙwarya. Ɗayansu ya sa hannu a aljihu, na ce ya bari, in ya girbe ya kawo zangarniya.