Wanzamin da Ya Taɓa Zuciya

Mahaifina wanzami ne a Bungudu, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Gusau. Aski, ƙaho, kaciya, duk yana yi kamar kowane wanzami. Abin da ya raba shi da sauran shi ne bin mahauta. Ranar kasuwa sai ya tsuguna inda ake feɗe rago, ya zura hannu cikin ƙirji yana lalube, ya tsaga zuciyar yana duba ƙofofinta. Mahauta suna yi masa dariya, mu kuwa a gida kunya kamar ta kashe mu.

Wata shekara aka kira shi 'Yandoto. Wani makiyayi ya faɗo daga bishiya, tsinin wuƙarsa ya karye tsakanin haƙarƙarinsa. Wanzaman Tsafe sun duba sun ce a bar wa Allah. Baba ya tsaga, ya sa yatsu biyu ya zaro ƙarfen, ya ɗinke. Mutumin ya warke har ya koma kiwo. Ni da wautata na zaci yanzu Baba zai yi suna. Sunan kuwa ya yi shi. Magana ta fara yawo ƙasa-ƙasa, wai wanda ya taɓa zuciyar mai rai ba hannun banza gare shi ba. Ba wanda ya ce masa maye a ido. Masu zuwa aski dai suka ragu, mata suna janye 'ya'yansu in ya gifta, in an yi rasuwa sai a tuna yaushe ya gaisa da mamacin.

A haka na yi aure a Karakkai. Mijina manomi ne mai raha, surutun bai dame shi ba. Uwarsa kuwa, shekara huɗu ba ta taɓa ɗanɗana abin da aka aiko daga gidanmu ba.

Bayan girbi, wata rana da hantsi, aka shigo da mijina ranga-ranga. Sun fita farauta, kibiyar abokinsa ta kuskure gada ta same shi a ƙirjin hagu. Abokin ya rantse ba dafi a jikinta. An karya sandarta, guntun da ya rage yana motsi, yana bin bugun zuciyarsa. Ban nemi izinin kowa ba, na kama hanyar Bungudu.

Da la'asar muka iso ni da Baba. Surukata tana zaune a ƙofar ɗakin, ta miƙe ƙafafu.

"Wanga mutum ba shi shiga," in ji ta. "In Allah za shi ɗauki ɗana, shi ɗauke shi da kurwatai."

"Inna, shina da sauran lokaci, amma ba yawa," in ji Baba.

Ba ta ko dube shi ba. Mazan gidan suka sunkuyar da kai. Baba ya ja ni gefe, ya buɗe zabirarsa ya fiddo ƙaramar aska, ya danna yatsa a haƙarƙarina.

"Ɗiyata, ke ba su hana ki ba. Nan za ki tsaga, tsawon yatsa. Kada ki ja sai yatsunki sun riƙe kan ƙarfen. Ina nan bayan ɗaki, ki yi magana ina jin ki."

Na karɓi askar na ɓoye ta cikin zane na shiga. Mijina ya gane ni, har ya yi ƙoƙarin murmushi. Na durƙusa na fiddo askar. Jini bai taɓa ba ni tsoro ba, cikinsa na girma. Amma ina kallon ƙotar da hannun Baba ya goge har tana sheƙi, sai zuciyata ta ce: in fa gaskiya suke faɗa? Na ajiye ta a ƙasa na riƙe hannun mijina. Ta bango ina jin Baba yana kirana a hankali, ban amsa ba. Kafin magariba mijina ya cika.

Da na fito na miƙa wa Baba askarsa, na ce na makara. Ya juya ta, ya ga tas take, ya mayar cikin zabira. Ya rayu shekara tara bayan nan, bai ƙara tsaga ƙirjin kowa ba, kuma bai taɓa tambayata ba. Ni ma ban taɓa gaya masa cewa shi na ji tsoro ba.