Mun Ɗauko wa Kawu Hayaniyar Fadamarsa

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da abokina ma'aikacin rediyo. A jakarsa akwai wata na'ura da ba ta wuce girman goriba ba, ƙananan makirufo huɗu a jikinta, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren. In ka saurari abin da ta ɗauka da abin sawa a kunne, za ka gane inda kowace ƙara ta fito, gaba ko baya, hagu ko dama. Kawuna ne dalilin tafiyar. Idonsa ya tafi, ƙafa ta ƙi, ba shi da zance sai fadamarsa ta Dandin Mahe, har ya fara ture abinci.

A Bodinga muka karya da ƙosai da kunu mai zafi. Kuɗin mota ya hau, direban ma da kunya yake faɗinsa. Sauran hanyar tare da buhunan albasa muka yi ta, har yau rigata ba ta daina ba da labari ba.

Muna kafa na'urar a kan sanda tsakiyar fadama, kirkin mutane ya ɓata mana aiki. Da suka ji ɗauka ake yi, mai injin ban ruwa ya kashe injinsa, aka kore awaki, kowa ya yi tsit don girmama baƙi. Abokina kamar ya yi kuka. Na roƙe su su koma aiki, hayaniyar muka zo nema.

Wani dattijo ya ce, "Hayaniya kunka biyo tun daga birni? Wa ka son ta?"

Na faɗi sunan kawu. Sai ya sa aka tayar da inji. Ya zagaya ta bayan na'urar, ta hanyar da ya saba ɓullo wa kawu, ya yi sallama.

Da la'asar muka dawo, na sa wa kawu a kunne. Ya nuna dama ya ce nan rijiya take. Can sai ya waiwaya da sauri ya amsa sallama, ya kira sunan amininsa, dattijon nan. Bango ne kawai a bayansa. Ya yi dariya, ni kuwa hawaye nake.

Tafiyar ta koya mini cewa makaho ma yana komawa gida, ta kunne. Kawu ya ce a maimaita masa, kuma a kawo tuwon nan.