Ranar da Saje Ya Juya wa Hanya Baya

Mijina ya raba mutanen duniya gida uku, kuma ya ce a bariki ya koyo. Idan aka ji ƙara ba zato, ko da faranti ne ya faɗi, akwai mai zabura ya nufi wurin, akwai mai neman ƙofa, akwai wanda zai daskare da loma a hannu. Shi dai ba sai an tambaya ba, na farkon ne. Ni kuwa ya ce ban shiga ko ɗaya ba, don sai na haɗiye abin da ke bakina nake tambayar me ya faru.

Da ya ajiye kaki muka dawo gida Zuru, ya zo da shirinsa a ka. Zai buɗe shagon kayan masarufi kusa da kasuwa, gonar da ya gada a gefen dutse kuma ya sayar wa wani ɗan'uwansa na Kanya da ya daɗe yana zawarcinta. "Ni mutumin jama'a ne," in ji shi. "Mi zan yi bisa dutse, hira da birai?" Raina ya ɓaci, don tun muna yawon bariki nake cika baki a gaban matan sojoji cewa ni 'yar gona ce, ranar da muka koma gida fartanya zan ɗauka. Muka daidaita a kan damina ɗaya, shi shago ni gona, in an yi girbi a sake magana.

Aka buɗe shago. Saje, haka nake kiransa in ina jin tsokana, ya kafa kujerarsa can lungu, baya a jikin bango, ido a ƙofa. Mai sayen ashana ya shigo, sai ya miƙe zumbur kamar an zo duba fareti. Yara masu sayen alewa suka koma shagon gaba. A tsaye yake cin abinci, hannu baka hannu ƙwarya, ko ƙadangare ne ya ruga bisa kwanon rufi sai ya ɗaga kai. In na tambaye shi ya kasuwa, sai ya ce lafiya lau, alhali kafaɗunsa sun kusa taɓa kunnuwansa.

Ranar Asabar yakan rufe shago ya hau gona ya taya ni aiki. Wata Asabar, lokacin noma na biyu, na zuba masa tuwon dawa da miyar kuka, ya ɗauka ya zauna a kan wani falalen dutse a gindin ɗorawa. Yana ci a hankali, har da suɗe yatsu. Sai ga wata mata da itace a ka ta biyo hanyar da ke bayansa, ta yi mana sannu da aiki. Ya amsa ko waiwaye bai yi ba. Na tsaya da ludayi a hannu ina kallonsa. Tun da na aure shi ban taɓa ganin ya bar mutum ya wuce ta bayansa ba, ko a coci bencin ƙarshe yake zama.

"Mi kike kallo?" ya ce.

"Bayanka, Baban yara. Ka ba hanya shi."

Ya juya ya dubi hanyar, ya dubi tuwonsa. Can ya ce, "Iska ta hi daɗi ta nan." Ban ja ba.

Ashe maganar ta zauna masa, kuma soja ba ya barin a ci shi da yaƙi. Bayan 'yan makonni ya zo da tasa. "Ke ma hwa ina lura da ke. Kullum za ki gona sai kin ɗaure kai da ɗankwali kina kukan ciwon kai. Ran kasuwa kuwa, in kin riƙe mini shago na ɗan lokaci, da waƙar zumuntar matan coci kike dawowa, har ƙarin tuwo kike yi."

Na ce sharri ne, zafin rana ke sa ni ciwon kai. Amma washegari da na kai hannu ga fartanya sai na tsaya na saurari jikina. Ƙeyata ta ɗaure, ƙafafuna suka yi nauyi, na tsinci kaina ina share tsakar gidan da na riga na share. Can bisa dutse ba wanda zan ce wa ci kanka, har da dawa nake magana. Ashe labarin gona nake so, in ina ba da shi a tsakiyar mata ana dariya. Na ji kunya kaɗan, daga baya na zauna a bakin ƙofa na yi ta dariya ni kaɗai.

Bayan girbi ɗan'uwan nan ya iso daga Kanya da shirin ciniki. Saje ya sa aka ba shi ruwa da abinci, sannan ya ce masa ya yi haƙuri, an fasa. Mutumin ya dube ni ta wutsiyar ido ya ce, "Uwargida ce ta hana ko?" Saje ya ce, "A'a, jikina ya ƙi." Baƙon ya tafi yana girgiza kai, wai shi bai taɓa jin inda jiki ya hana ciniki ba.

Haka muka yi musaya, shi gona ni shago. Na fito da kujerar nan bakin ƙofa, inda zan ga mai wucewa in tare shi da gaisuwa. Yara masu sayen alewa suka dawo, iyayensu ma sukan zo sayen gishiri su manta da miya a kan wuta. Ciwon kai ya bar ni, sai dai na ciwon baki don surutu.

Daminar bara, wata yamma ya sauko daga dutse ya tsaya a ƙofar shago yana huci, ya miƙo mini hularsa, gefenta duk a tattaune. Wai ya kishingiɗa a inuwa bayan ya ci abinci, akuyar wani ta zo ta cinye gyaɗar da ke gefensa, ta haɗa da hular da ya rufe fuska da ita.

"Kuma ban ji ba, Maman yara," ya ce. "Ko kaɗan ban ji ba."

Da sigar ƙorafi ya fara, amma kafin ya kai ƙarshe muryarsa ta yi rawa. Daɗi ya cika ni har ya kawo mini ƙwalla. Na shige bayan kanta ina jera sabulun da yake a jere, don kada ya ga idona.